Makullai Goma Sha Bakwai

Makullai goma sha bakwai ne a jakata,
kowanne da zare mai launi a wuyansa.
In ina hawan matakalun Valparaíso
su ke yi mini kiɗa,
ni kuwa ba rawa nake ba, haki nake.

Wata tara ke nan ban ji "na saya" ba.
Banki ya ɗaga kuɗin ruwa
har ya wuce rufin gidajen da nake talla.
Sababbin ma'aurata su zo, su shafa bango,
su leƙa teku ta taga,
su yi lissafi da yatsu a cikin aljihu,
su ce, "Za mu kira ki, Ximena."
Wayata ta san irin wannan alkawari,
ko motsi ba ta yi.

Mu shida ne a ofis bara war haka.
Baltasar ya koma tuƙin tasi,
Fresia na gasa burodi a ƙofar gidan uwarta,
biyu sun tafi ba sallama.
Saura ni da Evaristo
da butar shayi mai yoyo.

To, kiɗa ya canza.
Ni da nake raina haya
yanzu ɗaki ɗaya nake nema wa ɗalibai,
in karɓi la'adar da ba ta wuce kuɗin takalmi ba.
Ɗan ƙanwata ya koya mini ɗaukar bidiyo:
"Riƙe da kyau, Inna, hannunki na rawa."
Na koyi fenti. Na koyi ɗaure famfo.
Ina ba furannin mutanen da suka ƙaura ruwa,
don gidan da aka bari
warinsa ke fara tona shi,
kafin tsagar bango ta yi magana.

Akwai gida mai shuɗiyar ƙofa a saman tudu,
taki ɗari da sittin da biyu daga titi.
Na ƙirga. Gwiwata ma ta ƙirga.
Na tsoho Aurelio ne.
Farashin da ya sa ba na gida ba ne kaɗai:
ya haɗa da shekara arba'in da ya yi da Leontina,
da kujerar da take ɓare wake a kai,
da tarinta na asuba.
Ta yaya zan ce masa
kasuwa ba ta biyan wannan?

Na faɗa masa dai.
Sau uku, a wata uku,
kowane karo da ɗan ragi a murya.
Ya ce albarka. Ya zuba mini shayi.

Ranar Talata wata ma'aikaciyar jinya ta zo,
idonta jawur, daga aikin dare,
da yaro mai takalmi ware-ware.
Ba ta kalli teku ba.
Ta buɗe famfo, ta ƙwanƙwasa katako,
ta tambayi inda ruwa ke bi in an yi sama.
Nan na gane mai saye ce.
Ta yi tayi ƙasa da rabin mafarkinsa,
sama da duk abin da na gani tun kaka.

Na ɗauki tayin nan kamar ƙwai a cokali,
taki ɗari da sittin da biyu.
Ya karanta. Ya cire tabarau. Ya mayar.
Jirgin ruwa ya yi kuka a ƙasa.

"Itacen lemon da ke tsakar gida," in ji shi,
"za su sare?"

Na ce ban sani ba, zan tambaya.

Ga ni ina saukowa,
kuɗin wuta na jirana a kan tebur,
makullai har yanzu goma sha bakwai,
amma mai shuɗin zaren
na ciro shi daga cikin 'yan'uwansa,
yana tafin hannuna, ya ɗauki ɗumi.