Ruwa Biyu

Ƙarfe takwas na daren Laraba
Aboabo kan rage murya.
Issaka tela ya ture keken ɗinki gefe,
ya juyo da talabijin ta fuskanci tsakar gida.
Kowa da kujerarsa,
wanda ba shi da ita ya kifa bokiti.

Ga ta nan ta fito, Adoma,
tauraruwar da garin cikin akwati ke yi wa tafi,
ɗankwali har gira, kullum har gira,
tana rera waƙar kakanni da Tonanci tsantsa.
Mako tara muna riƙe mata asiri:
uwarta mai ƙyafa kifi ce a bakin teku,
ubanta Kwara ne mai kantin yadi
da ya hau jirgi bai waiwayo ba.

"Maƙaryaciya!" in ji Lariba mai koko.
"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."
"Wane gidan?" in ji Issaka, allura a baki.
"Na uban da ya gudu, ko na uwar da ta yi shiru?"
Gambo direba ya ce shi dai a ba shi ita haka nan,
ko da ruwanta bakwai ne.
Aka yi dariya.
'Yan matan ɗakin ƙurya ba su yi ba,
suna gwada dantsensu da hasken fuskarta,
ɗaya na tambayar sidi nawa ne man da ke kai mutum can.
Wani yaro ya ce, "Barbarar yanyawa,"
kalmar da ya tsinta a hanya bai san nauyinta ba.
Uwarsa ta kai masa ranƙwashi tana satar kallon gefe.

Gefen nan kakata ce, Inna Sahura,
a kan tabarma, goro a kunci bai motsa ba.
Ita mai zagin 'yan wasa kamar jikokinta,
mai ce wa na cikin akwati, "Waiga, yana bayanka!"
yau ko tari.

Ɗan jarida ya ajiye tsohon hoto a tebur.
Adoma ta kai hannu ga ƙullin ɗankwali.
Muka daina numfashi.
Sai aka ɗauke wuta.

Ihu ya tashi daga nan har Asawase,
aka tsine wa kamfanin lantarki da harsuna huɗu.
Da ƙura ta lafa, cikin duhun,
muryar Inna ta fito kamar daga rijiya:
"Ba za ta cire ba.
Ba a cirewa a gaban mutane.
Da asuba ake cirewa, a rufe ƙofa,
a shafa masa man kaɗe ya yi nauyi,
a kitse shi ƙanana, a ɗaure."

Ba wanda ya kunna wayarsa.

Shekara ashirin da shida ina cin tuwon hannunta
ban taɓa ganin gashinta ba.
Farinta, mun ce na Filani ne.
Ita ta ce mu ce.
Akwai layi guda a Adum da ba ta bi,
gara ta zagaya ta Kejetia da ciwon gwiwarta.
Akwai almakashin yankan yadi a ƙasan kwallarta,
mu kuwa ba mu gaji yadi ba.

Wuta ta dawo kan tallar sabulu.
An gama. Sai mako mai zuwa.
Gambo ya ɗauki bokitinsa bai ce uffan ba.
Lariba, da za ta wuce,
ta durƙusa ta gyara wa Inna takalmi.

Na riƙe ta har bakin ɗaki.
Ta tofar da goron, ta taɓa ƙullin ɗankwalinta
ta ji yana nan.
"Laraba mai zuwa," ta ce,
"ka kama mini wuri a gaba."