Mu Huɗu Ne Anaruwa

Ran da aka haife ni sama ta tsage,
indararo na ta zuba cikin tukunya.
Ungozoma ta leƙa waje, ta dawo jiƙe,
ta ce ku huta da neman suna:
Anaruwa.
A Damagaram kuwa, inda bido ke kwana a layi,
sunan nan da kaɗan ya fi ba'a.

Ni baduku ne a Zango.
Basilla, jar fata, zare mai kaki,
shekara arba'in ina ɗinka wa mutane abin takawa.
Ashe mu huɗu ne.

Akwai na wasan kwaikwayo,
mai fitowa daren Laraba yana cin bashi ba ya biya,
har yara kan bi babur ɗinsa suna "Biya! Biya!"
Saboda shi mai shayi ya daina rubuta ni a littafi,
wai sunan ya yi tsami.

Akwai depite.
Ya hau bayan mota a Kasuwar Dole,
ya ce kowane lungu sai ya ga famfo,
ai sunansa ma shaida ne.
Aka yi tafi, aka yi zaɓe, aka wuce Yamai.
Bayan wata shida wata tsohuwa daga Garin Malam
ta dire bido biyu a bakin rumfata:
"Kai ne Anaruwa? To, ga mu."
Na rantse ko kujerar mai unguwa ban taɓa hawa ba.
Ta ce, "Duk ɗaya, suna linzami."
Na ɗebo mata daga randata.

Na ƙarshen mushe ne, tsoho, can Birni bayan duwatsu.
Ya yi littafi da faransanci,
wai ana karanta shi a ƙasashen da ba su san ƙishi ba.
Wasiƙunsa kan ɓato zuwa hannuna,
in aiki jikata Tasalla ta kai masa,
ta dawo da dabino uku da gaisuwar takwara.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai wata Talata, bayan la'asar,
rediyo ta ce Anaruwa ya riga mu gidan gaskiya,
nan take wuta ta ɗauke a tashar.
Gari ya rabu.
Masu manyan riguna suka nufi gidan depite,
samari suka cika ƙofar ɗan wasa suna kuka,
ni kuwa ina zaune ina yanka fata
na ga mutum tara sun zo mini gaisuwar mutuwata.
Na ƙirga su da kyau.
Har da mai shayi, idonsa ja.

Mushe ne ya tafi.
Na sa hula na hau Birni.
Sahu biyu muka yi, na biyun bai cika ba.
Da liman ya ambaci sunan
sai da na taɓa ƙirjina.

Matarsa ta ba ni littafin, bangonsa ya saluɓe.
Kwana uku na yi ina yi masa riga da fatar akuya,
ɗinki mafi ƙanƙanta da idona ya yarda da shi.
Daren na huɗu na ce, Tasalla, zo da fitila,
juya mini shafin farko da Hausa.

Ta bi layi da yatsa, tana tuntuɓe:
wata mata ce ke naƙuda,
ɗaki na yoyo, an tara ƙwarya,
ungozoma ta leƙa waje...

Na ce tsaya nan.
Ta ce, "Kaka, ai ka san labarin?"
Ban amsa ba. Na fita tsakar gida.
Babu hadari ko kaɗan,
sai ƙarar amalanken masu bido
suna gangarawa kama layin asuba.