Matakala Saba'in da Huɗu

Anselmo ya ƙirga su tun ran da gwiwa ta fara yi masa gardama:
saba'in da huɗu,
daga bakin titi zuwa ƙofarsa,
a wata tsohuwar unguwa ta Lisbon
inda gidaje ke jingine da juna
kamar tsofaffi a layin asibiti.

Shekara talatin yana tuƙa taragon lantarki,
hawa da gangara.
Yanzu ba abin turawa sai yini.
Kujerar Graciete tana nan bakin taga,
ba mai zama, ba mai kawarwa.

'Yarsa ta ce ta waya, Baba, ka nemi kare.
Ya ce to.
A ransa kuwa kare ɗaya ne a duniya,
irin na mahaifinsa, can kan duwatsun Estrela,
gashi kamar bargo, ƙirji kamar na ɗan maraƙi,
wanda in ya yi haushi sau ɗaya
sai kerkeci ya sake shawara.

Ya je gidan karnukan da aka yasar.
Ga shi kuwa, kamar an aiko shi daga ƙuruciya,
kwance, haɓa bisa dagi, yana kallon katanga.

Matar wurin, Benedita,
takalmin roba, hannu duk tabon yakushi,
ba ta ce wanne kake so ba.
Ta ce, ɗaki nawa?
Biyu, da baranda mai cin tukunyar fure uku.
Wa ke ƙasa da kai?
Wata nas, aikin dare, barcin rana.
Tafiyar awa nawa kake iyawa?
Ya yi shiru. Gwiwa ta ba da amsa.
Sannan ta ce, ran da ciwo ya kayar da shi
ƙarfe biyun dare,
wa zai sauko da shi?
Kilo arba'in da biyar ne fa.

Ya fita ba sallama.

A hanya ya ratse shagon Custódio,
ya sayi dankali, kilo ashirin, ko rabi bai kai ba,
ya rungume buhun kamar majinyaci,
ya ce bari mu gani.
A matakala ta talatin da ɗaya ya zauna.
Buhu ya kwance baki,
dankali biyu suka kama hanya,
yana jin su, ƙwas, ƙwas, har ƙasa,
suna ƙirga masa abin da ya riga ya sani.

Nan zaune, yana haki, ya gane
ba karen yake nema ba.
Dutsen yake nema, da tumakin,
da mutumin da ke fito da yatsu biyu a baki.
Kuma ba ɗayansu da zai shiga ɗaki biyu.
In ka ɗaure iska a baranda,
kai da iskar duk kun wahala.

Ran Talata ya koma.
Benedita ba ta yi masa dariya ba.
Babban, in ji ta, wani mai gonar zaitun ya zo dubawa.
Ta buɗe kejin ƙarshe:
'yar tsohuwa, shekara tara, kilo shida,
jinin podengo da wani abin da Allah kaɗai ya sani,
kunne ɗaya tsaye, ɗaya ya gaji,
ta bar wa yara haushi tuntuni.
Ta sunsuni takalminsa, ta yi hamma.

Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya sa mata Migalha, wato ɓarɓashin burodi.
Safe da yamma suna sauka, suna hawa.
A ta talatin da ɗaya sukan tsaya,
kowa na yi kamar don ɗan'uwansa ne.
Nas ta yi wata biyu ba ta san da ita ba.

Daren farko kuwa,
ta zaga ɗakin sau biyu,
ta wuce bargon da ya shimfiɗa mata,
ta haye kujerar bakin taga,
ta juya, ta nannaɗe.
Ya buɗe baki zai ce sauka.
Ya daɗe a haka.

Sai ya je ya kashe fitila.