Rabon Kwalekwale a Lamu

Ni nake rubuta ƙara a kotun alƙali a Lamu,
garin da jakuna ke da hanya, gishirin teku na cin ƙarfen taga.
Littafi biyu ne a kan teburinmu.
Ɗaya mai bangon fata, zufar malamai ta baƙanta gefensa,
ɗaya an bugo shi daga Nairobi, har yau da warin tawada.

Ran Talata aka kawo gadon Bakari Shee:
kwalekwale ɗaya, koma biyu, itacen kwakwa goma sha ɗaya,
da bashin mai gyaran inji.
Mwanajuma ta zauna, Athumani ya zauna,
na uku ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.
Kahindi, ɗan fari. Uwarsa 'yar coci ce, shi ma can ya tashi.
Hancin mamacin na kan fuskarsa, ba mai musu.

Alƙali ya cire tabarau, ya ce,
"Tsarin mulki ne ya kafa min kujerar nan,
shi ya auna min faɗin ɗaki:
aure, saki, gado, tsakanin Musulmin da suka kawo kansu.
Ɗana, ƙofarka na Malindi, babbar kotu.
Ba korarka na yi ba, igiyata ce iyakarta ke nan."

Kuɗin mota, kuɗin lauya, damina uku ko huɗu.
Kafin nan tsutsar ruwa ta gama da katako.
Kowa ya yi lissafin a ciki, ba wanda ya furta.

Mwanajuma ba ta ɗaga kai ba.
"Malam, in an yanka min kasona, ya zama nawa?"
"Halak malak."
"To rabi na yayana ne.
Shekara ashirin shi ke ɗinke komar nan."

Athumani ya daɗe yana kallon fanka tana juyi.
Da ƙyar ya ce a bar jirgin a ruwa, a riƙa raba kifi.
Bai kalli kowa ba.

Na buɗe mai bangon fata, ga babin kyauta.
Na buɗe na Nairobi, bai hana ba.
Na rubuta, na buga hatimi, tawada ta ɓata min yatsa.

Da la'asar na gan su a bakin gaɓa,
mutum biyu na jan igiya ɗaya,
suna gardama kan wa zai biya mai inji.