Inda Kowace Murya Take Tsaye

Asibitin Kutaisi, bakwai saura kwata,
ruwa na dukan kogin Riyoni tun asuba.
Aka turo min shi a keke, ya rame, kai fari fat.
Kati ya ce Nugzar Lomtadze.
Ni kuwa ko ba takarda na san shi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da ya tsayar da mawaƙa arba'in da yatsa guda,
ya ce, "Layi na uku, ta biyu daga taga,
Tsiala, muryarki ta zame."
Idonsa a rufe. Ban ƙara komawa ba.

Yau na cire masa agogo da zobe da makullin gida,
na toshe kunnuwan da suka kore ni.
Ya ce, "'Yata, yaya ramin nan zai ga cikin kaina,
ba fitila, ba wuƙa?"
Na ce, Malam, ba gani yake ba, saurare yake.

Ruwan jikinka cike yake da 'yan mitsi-mitsin mawaƙa,
kowa na juyi kamar katantanwa.
Maganaɗisu ya sa su sahu,
igiyar rediyo ta taɓa su, su amsa.
Amma in duk murya ɗaya suka ɗauka,
wa zai ce wannan ta ƙeya ce, waccan ta goshi?

Sai mu yi wa ƙarfin gangare, daga tsakar ka zuwa haɓa,
mu kira amo guda, faifai ɗaya ya amsa,
siriri kamar yankan cuku.
Saura su yi gum, ba da su ake ba.

Cikin faifan mu sake karkata:
na hagu su yi ƙasa da murya, na dama su yi sama,
yadda kake jera mu a zauren makaranta,
masu kauri ta ƙofa, masu zaƙi ta taga.
Ka ji amo, ka san mazauni.

Ya ce, "To, gaba da baya fa?"
Har yau ba a yi masa wayo.
Na ce, nan sai dabarar jinkiri:
ɗan bugu, ƙiftawar ido ta fi shi tsawo,
layin gaba ya riga, na baya ya makara,
waƙa ɗaya, amma taku ya saɓa.
Sau ɗari biyu da hamsin da shida muke maimaitawa,
kowane karo da irin tasa makarar.

Abin da ke taruwa ba hoto ba ne tukuna,
gonar lambobi ce, kunya bayan kunya.
Tsakiya na riƙe da haske da duhu,
gefe na riƙe da bakin kowace jijiya.
Lissafi ya sheƙe, ya rairaye,
ya mai da kowace murya ɗakinta.

Na rufe ƙofa. Na'ura ta fara ƙwanƙwasa.
Ta gilashi na hangi yatsan ƙafarsa yana bin kiɗan.
Na danna makirfo: Malam, ka zame.
Yatsa ya tsaya cak.

Minti sha tara. Faifai na sha huɗu ya hau allo.
Can hagu, bayan kunne, wani abu kamar ƙwayar inabi
ya ƙi bin saura, yana haske shi kaɗai.
Faɗa ba aikina ba ne. Likita sai ƙarfe tara.

Na ɗaura masa agogonsa.
Ya ce, "Injinku ya sauka da rabin amo wajen ƙarshe."
Sai ya riƙe hannuna, ido a rufe:
"Kin ji ta, ko? Wadda ta zame."
Na ce, ruwa ya tsagaita, 'yarka na jira a waje.
Ya ce, "Layi na uku, ta biyu daga taga."

Na tura keken.
Ƙafa ɗaya na ta kuka har ƙarshen baranda.