Awa Sittin

Ranar da takardar ta iso
na kai ta Oshodi aka sa mata gilashi,
mai firam ya karɓi dubu huɗu
ya ƙara mini da ƙusa kyauta.
Baba ya rataye ta da hannunsa a falonmu na Agege,
sama da kalandar ƙungiyar mahauta,
ya ja baya, ya dube ta, ya ce,
"To, Tabawa, karatu ya ƙare."
Ban nuna masa kwanan watan da ke ƙasanta ba,
da ƙananan baƙi, irin na gwangwanin madara.

Shekara uku ne ranta.
Awa sittin na sabon karatu ne abincinta,
in an hana ta, ta mace a jikin bango
gilashin bai ko tsage ba.

Saƙon ya shigo bayan asuba, ina ɗaura ɗankwali:
an sabunta ƙa'ida.
Matakan da na haddace a kan tabarma,
da fitilar waya in Nepa ta ɗauke,
an naɗe su an kai bayan littafi.
Da, tambayar ita ce wace takarda ka cike.
Yanzu sun ce, wa aikin ya amfana?

Sai ajina ya koma kan Gada ta Uku.
Cunkoso ya riƙe mu tun daga Oworo,
kwandasta na faɗa a kan canjin ɗari biyu,
ni kuwa waya a kunne,
wata malama daga ƙasar da ba a ɗauke wuta
tana bayanin haɗari da yadda ake auna shi.
Na leƙa ta taga:
masunta a kwalekwale can ƙarƙashinmu
sun fi mu sauri.
Data ta ƙare saura minti tara.
Ba a rubuta mini awar ba.

Ran Talata a wurin gini a Ajah,
ruwa ya kwana a ramin harsashi,
Temilade, 'yar bautar ƙasa, wata biyu da zuwanta,
ta ɗaga hannu a gaban 'yan kwangila:
"Ma, wannan jadawalin tsohon yayi ne."
Kunya ta bi ni har cikin hular kwano.
Na ce a ci gaba da taro.
Da rana na sayo gasasshiyar ayaba da gyaɗa,
muka zauna kan bulo,
na ce, nuna mini.
Ta nuna. Rabi gaskiyarta ne.
Ɗaya rabin sai ta ci damina biyu a nan,
don littafi bai san tirelar rodi
na iya kwana uku a Apapa ba.

Yau na fito da wuri na iske Baba a tsakar gida
yana wasa wuƙa kafin ya tafi Oko-Oba.
Shekara arba'in tana hannunsa,
ta rame, ta lanƙwashe kamar jinjirin wata.
Na ce, ai jiya ma ka wasa ta.
Bai ɗago ba, ya gwada bakin a farce,
ya ce, "Wasin jiya ya bi naman jiya."

Saura awa ashirin da uku.
Na sayi data, na duba caji,
na goge gilashin da bakin mayafi,
na fita kafin gada ta cika.