Katon na Goma Sha Ɗaya

Keke uku suka sauke su ranar Laraba,
bayan sadakar arba'in ɗin Malam Kwairanga.
Matarsa, Inna Dudu, ta ce: ku karɓa,
gara ta fi mu son karatunsa.

Ni ce mai ba littafi lamba
a wannan ɗakin karatu na Gombe,
inda fanka ke juyi kamar an yi mata dole.

Na yanke igiya.
Ƙasar Girka ce a ciki, ita ma ba duka ba,
yanki guda, Boyotiya,
sunan da sai da na tauna sau uku
kafin ya zauna a bakina.
Mujallu masu bangon toka, rahoton masu haƙa,
ƙamus mai haruffa kamar ƙugiyar masunta,
wani siriri da ba ya faɗin komai
sai sunayen waɗansu littattafan,
da taswira mai ninki takwas, ta tsage a gaɓa,
daidai tafkin da aka janye wa ruwa ya koma gona.

Akwai wani ƙato, shafi ɗari huɗu,
ba sarki a ciki, ba yaƙi.
Mutane ne kawai suka jeru a gonakin alkama,
taku goma tsakanin wannan da wancan,
kai a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa,
suna tsintar tsingaro.
Wannan bakin tulu ne. Wannan gindin fitila.
Kowanne da lambarsa, da awonsa,
da hotonsa kamar ɗan takara.
Daga nan suka ce: nan an yi ƙauye,
an tashi, an dawo, an sake tashi.

Na yi dariya ni kaɗai
har Garga masinja ya leƙo.

Ai ni 'yar Gombe Abba ce.
Garmar babana ta fi waɗannan mutane tono.
Kowace damina sai ƙasa ta tofo tsingaro,
mu kwashe, mu zuba kan iyaka,
masu santsi mu yi carafke,
masu kaifi akuya ta sha a haƙarƙari.
Ba wanda ya ce mana ana karanta kufai.
An dai ce kada mu je da tsakar rana.

A gefen shafi, da fensir, ga hannun Malam,
ƙanana kamar sahun cinnaka:
"Irin wannan zanen, duba bakin Gongola."
Can gaba: "A'a, namu ya fi kauri."
Can gaba kuma, fensirin ya huda takarda:
"An hana kuɗin. Baɗi."
Na ƙirga baɗi shida.

Katon na goma sha ɗaya bai da nauyi.
Gwangwanin madara ne, murfi ya yi tsatsa,
sai da Garga ya sa wuƙa.
Tsingaro goma sha bakwai,
kowanne naɗe cikin tsohuwar takardar jarrabawa.
Na warware na farko:
"Gonar Buba Manga, gabas da tsamiya."

Buba Manga babana ne.
Na tuna baƙon, mai babur da hular malafa,
da ya durƙusa kan juji a iyakar gonarmu
muna bayan kara muna cewa ya taɓu.
Ni na kai masa ruwa a moɗa.
Ya ce na gode, bai ɗago ba.

Kafin la'asar littattafan sun sami gida:
ɗari tara da talatin da takwas,
kanta ta huɗu, kusa da taga.
Tsingaron Boyotiya na da lamba,
mai maganarsa na da lamba,
mai gyara wa mai maganarsa ma na da lamba.
Gwangwanin na juya kundin tsari har bango,
ban samo masa ba.

Na sa shi a jaka, kusa da kwanon abincina.
Ran Asabar motar Dukku na tashi da bakwai.
Na sayi littafin rubutu mai tamanin,
na ari awon Laraba tela.
Tsamiyar, an ce mini, ta faɗi bara,
amma na san inda kututturen yake.